Wane wasa zan kai yarona a wannan hali da Tottenham (Spurs) ke ciki? (Hirar ƙarshen Janairu 2025)

Baban_Amir: Salam 'yan uwa. Yarona shekararsa tara, ɗan wasanmu Son Heung-min yake so kamar me, na yi masa alƙawarin zan kai shi fili kafin kaka ta ƙare. Ina da katin mamba, tikiti biyu kawai nake nema. To ko dai wasan Elfsborg na Europa ran Alhamis da dare, washegari akwai makaranta, ko na United ran 16 ga Fabrairu wanda ya fi tsada. Bayan abin da Leicester suka mana a gida wallahi tsoro nake kar ranarsa ta farko ya dawo da kuka. Wanda ya taɓa kai yaro ya ba ni shawara don Allah.

Sarkin_N17: A kori koci Ange Postecoglou kawai. Na 15 fa muke a teburi, Leicester da suka sha kashi bakwai a jere su zo har gida su ci mu 2-1, me ake jira?

Maman_Twins: Haba Malam, da wa zai buga? Vicario ya karya idon sawu a wasan da muka ci City 4-0 kuma a haka ya ƙarasa wasan, Romero da Van de Ven rana ɗaya suka fita a wasan Chelsea, Udogie na jinya, yanzu ga Solanke da gwiwa. Archie Gray ɗan shekara 18 ne, ɗan tsakiya, shi aka mayar tsakiyar baya. Ko wa ka kawo haka zai sha.

Sarkin_N17: Hajiya to wa ya jawo raunin? Kullum tsokar bayan cinya, kullum. Ka tura 'yan baya har tsakiyar fili ka ce su riƙa tsere da 'yan gaba minti casa'in duk bayan kwana uku, ai dole tsoka ta tsinke. Kuma shi ya yi gaggawar dawo da su ran Chelsea.

Dogo77: Baban Amir ni dai kar ka kuskura ka sayi tikiti wajen kowa in ba ta hanyar kulob ba. Wasan Liverpool na Disamba ni da ƙanina muka saya a wani shafi, fam 190 kowanne, muka taso tun safe a jirgin ƙasa, muka taka tun daga tashar Seven Sisters cikin sanyin nan don motocin sun cika, mun zo ƙofa na ɗora waya na'urar ta nuna ja, na sake ta nuna ja, ma'aikacin ya duba ya ce ai an riga an shiga da wannan tikitin. Ƙanina ya tsaya yana kallona, shi da ya ɗauki hutu a wajen aiki saboda ranar. A waya muka kalla a bakin titi muna jin ihun mutane daga ciki, aka ci mu 6-3. Mai shafin har yau bai amsa saƙona ba, banki kuma sai na kawo kaza na kawo kaza.

Baban_Amir: Allah ya mayar da alheri. Amma ni ina da katin mamba ai, na faɗa a sama.

Dogo77: Ni ma ina da shi ɗan uwa, tikitin ne ya ƙare kafin layi ya zo kaina. Na United ma haka za ka tarar, ƙasa da 150 ba za ka samu ba.

Maman_Twins: 150 ina? Fam 80 da wani abu na biya a babban wasa bana, na yara ma bai kai haka ba.

Sarkin_N17: Ya danganta da inda kika zauna, ni sama da ɗari na biya.

GunnerKawai: Ka bari sai ran da za a ɗaga kofi ka kai shi, lokacin ya yi aure sai ya biya da kansa 😂 Tun 2008 fa rabonku da kofi.

Maman_Twins: Kai wa ya gayyato ka? Mun ci Liverpool 1-0 a karawar farko ta zagayen kusa da na ƙarshe na kofin Carabao, saura ta biyu a gidansu Anfield ran 6 ga Fabrairu, kuma kocin da bakinsa ya ce yana cin kofi a kakarsa ta biyu.

Alhaji_Hoddle: Yara ku yi haƙuri, ni tun zamanin Hoddle da Ardiles nake bin ƙungiyar nan. Wanda bai taɓa zama a tsohon filinmu White Hart Lane ba bai kamata ya riƙa cewa a kori wane ba.

Sarkin_N17: Baba da girmanka, kallo a talabijin ma kallo ne, kuma ni ina zuwa fili. Tsufa a goyon baya ba shi ke nuna wa mutum layin baya ya yi sama da yawa ba. Ran da muka rage mu tara da Chelsea a 2023 bai ja da baya ba aka ci mu 4-1, kuka tafa masa.

Alhaji_Hoddle: Na tafa, kuma zan sake. An kori Pochettino wata biyar bayan wasan ƙarshe na Zakarun Turai, an kori Mourinho ana saura kwanaki a buga wasan ƙarshe na Carabao, Nuno ko wata biyar bai yi ba, Conte ya tafi da faɗa. Koci nawa kuma? Mutum ɗaya ne bai motsa ba tun 2001, shugaban kulob Daniel Levy. Janairu ta kusa ƙarewa gola kaɗai aka sayo, Kinsky, alhali kowa na ganin babu ɗan baya.

Baban_Amir: To Elfsborg ko United?

Maman_Twins: Alhaji ka bar ma maganar saye, kuɗin tikitin kaka aka ƙara kashi shida bana, sannan suka taɓa rangwamen tsofaffi, mutanen da suka yi shekara arba'in suna zuwa.

Alhaji_Hoddle: Kin taɓo inda yake min ciwo 'yata. Abokaina biyu da muke zama layi ɗaya sun ce ba za su sabunta ba. A kawo ƙwallon Amurka ta NFL a kawo mawaƙa a cika fili, mu da muka sha ruwan sama a tsohon filin mu ne za a rage wa.

Dogo77: Wai akwai wanda banki ya taɓa dawo masa da kuɗin tikitin bogi? Kwana nawa ya ɗauka?