Hajiya na son ganin teku a hutun Babbar Sallah: ina ya dace mu kai ta a Legas?

Baban Ummi, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Legas kuma suka san bakin tekunta. Sallar layya ta bana, wato 2025, za ta kama ranar Juma'a 6 ga Yuni, gwamnatin tarayya kuma ta ba da hutun Juma'ar da na Litinin 9 ga wata, don haka hutun ya haɗe da Asabar da Lahadi. Mahaifiyata ta zo daga Kano tare da ƙannena biyu maza domin mu yi Sallah tare, kuma tun da ta sauka take cewa ba za ta koma gida ba sai ta ga tekun nan da idonta, domin ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne madatsar Tiga. Wani aminina da muke kasuwa ɗaya shi ma zai fito da iyalinsa, saboda haka idan aka haɗa manya da yara za mu kai mutum goma sha huɗu a bas guda.

Hajiya ta manyanta, tana fama da gwiwa, kuma ba za ta iya zama inda ake kiɗa da shigar banza ba. Ƙannen nawa kuwa tun yanzu suke cika baki cewa sun iya iyo, wai a rafi suka taso. Wane wuri ya dace da mu, wace rana ce ta fi, kuma ana barin mutum ya shiga da abincinsa? Allah ya saka da alheri.

Maman Hanifa, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya ba ka ladan kyautata mata. A ganina ranar da za ku je da lokacin da za ku isa sun fi sunan wurin muhimmanci, domin wuri ɗaya ne zai kasance shiru da ƙarfe tara na safe, da la'asar kuma ka rasa inda za ka ajiye ƙafa. Ranar Sallah dai aikin nama ba zai bar ku ba. Asabar da Lahadi kuwa kowa ya fito, musamman Lahadi da rana bayan an taso daga coci, lokacin da 'yan gari da masu yawon Sallah suke haɗuwa a hanya ɗaya. Ni Litinin zan zaɓa muku, ku tashi da an idar da sallar asuba, ku kuma yi niyyar baro wurin da azahar, tun kafin a kunna manyan lasifikoki matasa su fara zuwa. Abin da Hajiya ke gudu yawanci daga ƙarfe biyu yake farawa.

Game da wuri, Elegushi da ke Lekki ya fi kusa, amma an san shi da kiɗa da hidimar dare. Idan kuka daure kuka ƙara gaba zuwa Eleko a yankin Ibeju-Lekki, za ku sami fili da sauƙin hayaniya. Kada ku dogara da labarin wanda rabonsa da wuraren nan ya kai shekara biyu, domin aikin babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba ya canja abubuwa da yawa, har bakin tekun Landmark aka rushe a watan Afrilun 2024. Ka tura wani ya duba, ko ka yi waya tun ranar Asabar ka tambayi kuɗin shiga na babba da na yaro, da na ajiye mota, da na rumfa da kujeru, da kuma ko ana karɓar wani abu a kan abincin da aka zo da shi, domin wasu wuraren suna karɓa, wasu ma ba sa bari ko kaɗan. Ka kuma tambayi banɗaki kafin ka biya ko sisi, saboda mata da yara.

Soyayyen naman Sallah da dambun nama su ne abincin wurin, ga su ba sa lalacewa. Shinkafa da miya wahala ce, iska kaɗan za ta kaɗa ku ji yashi a haƙora. Ku riƙe ruwan sha mai yawa da babbar tabarma da kayan canji na yara. Kuma ku tuna Yuni ne, watan da ruwan sama ya fi sauka a Legas. Idan kuka wayi gari hadari ya haɗu, ku fasa kawai, domin hanyar Lekki zuwa Epe ba ta da daɗi idan ruwa ya kwanta.

Tsohon Ma'aikacin Tasha, Apapa:

Baban Ummi, abin da Hajiya Maman Hanifa ta faɗa daidai ne, ni kuma a kan ƙannenka zan yi magana, domin su ne suka fi tsaya mini a rai. Wanda bai iya iyo ba yana tsoron ruwa, tsoron nan kuwa shi ke tsare shi. Wanda ya iya iyon rafi shi ne abin damuwa, saboda yana shiga da ƙarfin zuciya cikin abin da bai sani ba. Gaɓar Legas tana kallon tekun Atlantika kai tsaye, babu abin da ya tare ta, kuma a wurare da dama yashin yana gangarawa da sauri, taku uku ruwa na gwiwa, na huɗu ya kai ƙirji. A damina igiyar ruwan ta fi ƙarfi.

Abin da ke cin mutane shi ne ruwan da ke komawa. Igiya tana tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma sai ya nemi hanyar komawa ciki, ya haɗu a wani siririn wuri ya riƙa gudu da ƙarfin da gwanin iyo ma ba zai iya tunkararsa ba. Abin takaicin shi ne wurin nan ya fi ko'ina kama da lafiya, domin za ka ga igiya na fashewa a dama da hagu, tsakiya kuwa a kwance, launinsa ya ɗan yi duhu ko ya gurɓace da yashi, kumfa da leda suna tafiya ciki maimakon su dawo. Baƙo yana ganin haka sai ya ce ga inda ya dace ya shiga. Ka zaunar da su tun a gida ka faɗa musu cewa idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke nutsar da shi. Ya kwanta ta baya ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu yana kira, idan ya sami sauƙi ya yi iyo a gefe, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga inda ake jan. Na kan tudu kuma kada ya faɗa don ceto, ya jefa jarka marar komai ko kular da aka rufe, ya kira masu ceto na wurin. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Gaskiya ma ni ba zan bar su su wuce gwiwa ba. Mata kuma su lura cewa hijabi da doguwar riga idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa. Ko tsayuwa a bakin ruwa sai da kula, domin duk lokacin da igiya ta koma tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa, mai ciwon gwiwa kuwa nan take zai zauna. Idan Hajiya na son ruwan ya taɓa ta, mutum biyu su riƙe ta, fuskarsu na kallon teku.

Mu da muka ga Bar Beach ta da mun san halin ruwan nan, lokacin da yake ɓallowa ya hau titin Ahmadu Bello a Victoria Island, kafin a cike wurin da yashi a kafa sabon birnin Eko Atlantic. A watan Agustan 2012 ma ya yi tunzuri a bakin tekun Kuramo ya tafi da rumfuna da mutane. Wurin da na sani ruwansa ya fi kwanciya shi ne Tarkwa Bay, saboda katangun duwatsun da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwa tun farkon ƙarnin da ya wuce suna kare shi. Sai dai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma kada kowa ya hau ba tare da rigar hana nitsewa ba.

Maman Hanifa, Idi-Araba:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Ruwan Tarkwa Bay ya fi dacewa da yara, haka ne, sai dai a ɗora dattijuwa mai ciwon gwiwa a ƙaramin jirgi ranar hutu, cikin damina, ga turereniyar hawa da sauka, ai wahalar ta fi daɗin yawa. A bar wannan wa matasan, su je wata rana da rani.

Malam na Zangon Seme:

Ɗan'uwa, tunda a Agege kake, ban ga dalilin da zai sa ka ratsa gari gaba ɗaya zuwa Lekki ba alhali ga Badagry. Ta Iyana Ipaja da Igando za ka faɗa Iyana Iba, ka kama babbar hanyar Badagry. Wurin ya fi natsuwa, ga inuwar bishiyoyin kwakwa, kuma akwai abin nuna wa yara bayan ruwa, kamar tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845 da kayan tarihin cinikin bayi. Tsibirin Gberefu, inda ake bi da bayi zuwa jirgi, sai an haye da kwalekwale an kuma yi tafiyar ƙasa cikin yashi, saboda haka ba na Hajiya ba ne. Hanyar tana da shingayen bincike da yawa saboda kusancin iyakar Jamhuriyar Benin, kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, direba kuma ya cika takardunsa. Ruwan can ma Atlantika ne, duk gargaɗin Baba na Apapa yana nan daram.

Idan azahar ta same ku a can, alwala da ruwan teku ta inganta. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya zo cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A ɗebo a buta a kawo wa Hajiya, kada ta je da kanta, a kuma tanadi ruwan daɗi don kurkure baki da wanke ido. Alƙibla daga gaɓar nan tana gabas maso arewa, wato idan kuka tsaya daidai teku zai kasance a damanku, ya ɗan koma baya.

Baban Ummi, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa ƙannena bayanin Baba na Apapa, babban ya yi shiru, ƙaramin kuwa har yanzu yana gardama, don haka na ce wa aminina shi zai tsaya a kansa. Mun tsayar da Litinin da sassafe, Badagry, in Allah ya kai mu kuma gari ya waye babu hadari. Hajiya ta ce a tafi mata da galan, za ta kai wa maƙwabtanta tsarabar ruwan gishiri su ɗanɗana. Malam, idan ka san wurin da mota ke iya matsawa kusa da rumfa don kada ta yi doguwar tafiya cikin yashi, ka taimaka ka rubuto kafin Asabar.