Allura da ƙarin ruwa ko ƙwaya? Gardamar da zazzaɓin Habibu ya tayar a zauren hirar waya na 'yan gidanmu na Aboabo, Kumasi

Kawu Sani: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga wurin Habibu, jikinsa kamar garwashi. Jiya sun je asibiti, aka soki yatsarsa aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, sai aka sallamo shi da ƙwayoyi kawai. Ni dai na sha faɗa, ƙwaya lallashi ce. Wanda zazzaɓi ya kayar da gaske, allura da ƙarin ruwa ne ke tashinsa. Gobe in Allah ya kai mu zan kai shi inda za a ɗaura masa leda biyu.

Inna Ladi: Wa'alaikumus salam. Gaskiyarka Yaya. Bara ni ma ƙwayar nan aka ba ni, bayan sati biyu zazzaɓin ya dawo ya fi na farko. Sai da aka sa mini ruwa na ga daidai. Kafin ledar ta ƙare har na nemi koko da ƙosai.

Fati Nas: Allah ya ba shi lafiya. Kawu, Allah ya ƙara girma, kafin a kai ga leda ina da tambaya. Yana amai? Abin da ya ci yana zama? Yana gane mutane, yana iya tashi ya je bayi da ƙafarsa?

Kawu Sani: Ba ya amai. Ya sha shayi a gabana, har muka yi hirar ƙwallo. Amma ƙarfi babu, idonsa ya faɗa.

Fati Nas: To Kawu, abin da aka ba shi shi ne maganinsa. Ku bar ni in faɗa muku abin da ke cikin ledar nan da nake ratayawa kullum. Rabin lita ce. Ko dai ruwa ne da gishiri wanda bai cika cokalin shayi ɗaya ba, ko ruwa da sukari giram 25, wato kamar cokalin shayi shida. Shi ke nan. Babu abin da ke kashe ƙwayoyin cutar maleriya a cikinta, sai in an haɗa da magani. Amfaninta ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare kuma ba ya iya sha da baki. Mai shan shayi yana hirar ƙwallon Kotoko, kofi ya ishe shi.

Inna Ladi: To ni me ya tashe ni? Ƙarya na yi?

Fati Nas: Wane ni in ƙaryata ku, Inna. An kwantar da ku kun huta, an ba ku farasitamol zafin ya sauka, an kuma ba ku maganin maleriyar tare da ruwan. Ledar ce kawai ido ya gani. Amma ƙwayar farkon nan, kun shanye ta duka?

Inna Ladi: Na sha kwana biyu na ji garau. Sauran na ajiye a gwangwanin Milo saboda wata rana. Ai ba a zubar da magani.

Danladi Kemis: Innalillahi. Inna, ai nan gizo ke saƙar! Maganin nan biyu ne a haɗe. Atimita yana saurin share yawancin ƙwayoyin cutar, shi ya sa mutum ke jin sauƙi tun rana ta biyu, amma ba ya daɗewa a jiki. Lumefantirin shi ke zama ya ƙarasa ragowar. Sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyun awa 8 bayan na farko. Babba, in ƙananan ƙwayoyin ne, huɗu-huɗu, jimla 24. Kin bar takwas a gwangwani, su kuma waɗanda suka rage a jininki suka hayayyafa.

Malam Isa: Ni ina ɓangaren Alhaji Sani, amma da dalilina daban. A zamaninmu kulorokwin ake sha, ka kwana kana susa kamar mai ƙazwa, ga ɗaci har maƙogwaro. Daga baya ya daina aiki gaba ɗaya. Wanda ya ga haka da idonsa, ta yaya za a ce ya sake yarda da ƙwaya?

Fati Nas: Malam, wannan gaskiya ce, kuma saboda ita ne Gana ta sauya tsari a 2004 ta koma magungunan haɗi masu atimisinin, wato dangin atimita. Sai dai ba zamansa ƙwaya ne ya kashe kulorokwin ba, cutar ce ta saba da shi. Ko ta allura aka ba da shi a lokacin, haka zai gaza. Kuma shan rabi a ajiye rabi yana cikin abin da ke koya wa cutar jure magani.

Kawu Sani: Duk na ji. To in allura ba ta fi ƙarfi ba, me ya sa da aka kai yaron maƙwabcinmu Gee, babban asibitin Komfo Anokye, yana suma ba a ba shi ƙwaya ba? Allura aka yi masa ta jijiya. Ashe su ma likitocin sun san wadda ta fi.

Fati Nas: Nan kam kun kama ni da hannu ɗaya, Kawu. Idan zazzaɓin ya yi tsanani, allurar atesunet ce, babu musu. Ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, saboda wanda ya suma ko yake ta amai ba a jiran cikinsa ya narkar da magani. Amma ku tambayi uwar yaron me aka ba su ranar da ya fara cin abinci. Ƙwayar nan dai ta kwana uku, cikakkiya. Allurar ita kaɗai ba ta gama aikin. Kuma a irin wannan hali ma ruwan da awo ake sa shi, don in ya yi yawa yana iya taruwa a huhu.

Danladi Kemis: Ni abin da ke damuna masu yawo da jaka ne. Kullum sai an zo shagona an ce in yi allura, in ce lasisina bai kai nan ba, a tafi ana cewa ban san aiki ba. Su je wurin wanda zai rataya leda a ƙusar labule. Ƙanena haka aka yi masa a wani ɗaki, wurin allurar ya kumbura ya yi ruwa, sai da aka tsaga. Ga yara kuma, in aka kuskure wuri a ɗuwawu aka taɓa jijiya, ƙafa na iya shanyewa.

Malam Isa: Kai ma Danladi kada ka wanke kanku tas. Jabun magani fa? A kasuwar Kejetia na ga ana tallarsa a faranti cikin rana.

Danladi Kemis: Ban musa ba, Malam. Na faranti ko kyauta ne kada a karɓa. A duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa a jikin kwalin. Na Habibu dai daga asibiti ya fito, da katin inshora ma.

Maman Habibu: Ina ta karantawa, hannuna cikin wanki ne. Yanzu ya sha na uku. Amma Fati, da ruwa kawai nake ba shi, don bakinsa ba ya son komai.

Fati Nas: Anti, a haɗa masa da madara, ko ƙosai biyu, ko ɗan waken da aka zuba wa mai. Lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, kuma koko zalla ba shi da shi. In ya amayar nan take a sake ba shi. In kuka ga amai ya ƙi tsayawa, ko yana sambatu, ko numfashi na yi masa wuya, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar shayi, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti. A nan ni da kaina zan nemi jijiyar.

Kawu Sani: Hmm. Na ba ƙwayarku zuwa jibi. Amma kuɗin ledar na nan a aljihuna, ban mayar ba.

Inna Ladi: Fati, takwas ɗin nan na cikin gwangwani, in kawo wa Habibu ya ƙara?

Fati Nas: Inna, don Allah a'a! Ku ajiye mini su, zan biyo bayan la'asar in karɓa.