Neman shawara kan rigakafin mashaƙo na ɗiyata

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Jidda. An yi wa ɗiyata allurar Penta, wadda ke kare yaro daga mashaƙo da ciwon sarƙewar haƙora, sau biyu a Kano, tana da mako 6 da kuma mako 10, amma muka taso kafin ta uku. Katin ya jiƙe a cikin akwati har tawadar ta wanke, ba a iya karanta kwanan wata. Yanzu shekararta 5, makaranta tana neman shaidar rigakafi, kuma a nan ana ƙara wata allurar a wata 18 da kuma lokacin shiga makaranta, duk sun wuce ta. Shin za a ɗora daga inda aka tsaya, ko sai an faro daga farko? Wace takarda zan kai asibiti a madadin katin? Don Allah ku taimaka, hankalina a tashe yake.