An ba ni shugabancin tawaga amma da zuwa Abuja duk mako

Maman Amira: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina haɗa manhaja a wani kamfani a Barnawa, Kaduna. Jiya oga ya ce in karɓi shugabancin tawaga, maza shida a ƙarƙashina, da ƙarin naira dubu 150 a wata. Sharaɗin shi ne kwana biyu a Abuja duk mako, ga ni da goyon wata takwas. Maigida ya amince. Litinin zan ba da amsa. Wadda ta taɓa wannan zirga-zirga da goyo ta faɗa min yadda ta kaya.

'Yar Kawo: Ma sha Allah! Don Allah Anti, ta yaya zan fara haɗa manhaja? Na cike fom ɗin 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, tun 2023, amma kwamfutata ta mutu.

Anti Malali: Ƙanwata, ki karɓa, amma a rubuce. Ni na riƙe irin kujerar nan shekara biyu. Yaron da ya gama bautar ƙasa a wurinmu ni na koya masa komai, har yadda ake yi wa kwastoma magana. Na tafi haihuwa, sati 12 da dokar ƙwadago ta ba ni, kwana ɗaya ban ƙara ba. Na dawo na tarar da shi a kujerata, wai riƙon ƙwarya. Riƙon ƙwaryar nan har na ajiye aikin bai ƙare ba. Da na yi magana aka ce ai don a sauƙaƙa min ne, ga shayarwa. Wa ya ce musu na gaji?

Ummu Sadik: Innalillahi. Shi ya sa na liƙe wa aikin gwamnatin jiha, hutun haihuwa wata shida tun 2019.

Anti Malali: Da albashin nawa, Hajiya?

Maman Amira: Anti, Allah Ya saka miki. To batun raino fa?

Ummu Sadik: Gidan raino a Unguwar Rimi dubu 25 nake biya.

'Yar Kakuri: A wace shekara? Ni dubu 60 aka ce min, ban da abinci, kuma biyar na yamma suke tashi. Ga kuɗin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa ta Idu a Abuja, ga masauki. Dubu 150 ɗin nan a hanya za ta ƙare.

Baban Yara: A ganina mace mai goyo ta haƙura tukuna. Ni tun harin jirgin Maris 2022 ban sake barin iyalina sun hau ba.

'Yar Kakuri: Malam, waɗanda suka taɓa aka tambaya. Ka taɓa goyo?

Baban Yara: Na taɓa biyan kuɗin madara.

Ummu Sadik: Ke ma 'Yar Kakuri ai ba ki taɓa shugabanci ba.

'Yar Kakuri: Na taɓa, a WhatsApp na dangi, har juyin mulki aka yi min.

Anti Malali: Dakta Hadiza Balarabe tana mataimakiyar gwamna a garin nan, amma a ofis da an zauna taro mace ake miƙa wa biro ta rubuta abin da aka tattauna.

'Yar Kakuri: Wallahi! Sai 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ta zo a tuna da mu, a ce mu yi anko a ɗauki hoto. Bara ma mu muka sayi atamfar da kuɗinmu.

'Yar Kawo: Wace kala kuka yi?

Maman Amira: Jama'a, jibi ce fa Litinin.