Neman kalma: me za mu kira documentation da Hausa?

1/ Jama'a, wata kalma ta tsaya mini a wuya tun makon jiya: documentation. Ina nufin rubutun da masu ƙera manhaja ke ajiyewa don nuna yadda ake aiki da ita. A da mutum ne ke karanta shi. Yanzu har ɗan aiken ƙirƙirarriyar basira yana karantawa, sannan ya shiga teburin lissafinka na Excel ko Google Sheets ya cike gurabe, ya yi jimla.

2/ Ga mafarin zancen. Na ba irin wannan ɗan aike sunayen 'yan adashinmu da lambobin wayarsu, na ce ya jera a tebur. Ya jera tsaf. Da na buɗe, sai na tarar duk lambar da ta fara da 080 ta koma 80, sifilin gaba ya yi ɓatan dabo. Na koma na duba rubutun ɗan kayan aikin da na haɗa shi da teburin. Layi ɗaya ne tal: yana rubuta bayanai a gurbi. Bai faɗi cewa tebur zai ɗauki lambar waya a matsayin adadi ba. Ni da na san halin abin, da na sa alamar da ke tsare sifili. Shi kuwa abin da aka rubuta masa ya bi.

3/ Kalmomin da aka kawo mini uku ne. "Takardun bayani" ta yi faɗi, har katin ɗaurin aure takardar bayani ce. "Jagora" ta fi, kuma an saba da ita a littattafai, amma jagora tafiya yake da kai, in ka nufi rami ya janye ka. Rubutu ba ya janye kowa. "Kundi" ita kaɗai ta riga ta ɗauki kaya: ga na digiri, ga na tsarin mulki, ga na malam da ake ɓoyewa a gafaka.

4/ Tawa ita ce kwatance. Ku tuna yadda ake aiken yaro gidan da bai sani ba: ka wuce masallaci, ka bar lungu na farko, akwai gidaje biyu masu jar ƙofa, na biyun ne, kada ka buga na farkon, akwai kare. Mai kwatance ba ya bin ka. Ya san inda ake ɓata, sai ya faɗa tun kafin ka tashi. An ce matambayi ba ya ɓata, to wannan ɗan aiken sau da yawa ba ya dawowa tambaya, cankewa yake yi ya wuce.

5/ Abin da ya sa na nace mata, ita kanta kalmar tana ba mu ma'auni: ko an ambaci karen? Misali openpyxl, 'yar manhajar da masu rubuta manhaja da harshen Python ke buɗe fayilolin Excel da ita. Tana rubuta dabarar lissafi a gurbi amma ba ta lissafa ta. In aka nemi sakamako da zaɓinta na data_only, abin da Excel ya ajiye a buɗewar ƙarshe take bayarwa, in kuwa ba a taɓa buɗe fayil ɗin ba sai a samu wayam. Ɗan aiken da bai ga wannan ba zai ce maka jimlar babu komai.

6/ Kwatancen Google Sheets ya ambaci nasa karen: wajen rubutawa sai ka zaɓi RAW, a ajiye abu yadda ka kawo shi, ko USER_ENTERED, a fassara shi kamar da hannu ka buga. RAW ɗin nan shi ne maganin sifilina. Sai kwanan wata, wanda a Excel adadi ne da ake ƙirgawa daga 1900, har da 29 ga Fabrairun 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, gado daga tsohuwar manhajar lissafi Lotus 1-2-3. Kada a raina irin wannan: a 2020 sai da aka sauya wa ƙwayoyin halitta irin su SEPT1 da MARCH1 suna, don Excel na mai da su kwanan wata.

7/ Wani ya ce kwatanta ai tana nufin gwada abu biyu, za a rikice. Gaskiya ne, amma in direba ya ce "yi mini kwatance" babu mai zaton gwaji yake nema. Don tsaro, cikakken sunan ya zama kundin kwatance, a baki a ce kwatance kawai. Ku ji yadda take zama: kayan nan kwatancensa ya fita, wancan ba shi da kwatance, na wancan kuma ya tsufa, an sauya hanya ba a gyara ba.

8/ Na tsaya a kundin kwatance. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka saba jin ta da Faransanci, ku faɗa mana ko ta zauna a kunnenku. Lambobin adashi dai da hannu na mayar musu da sifilinsu, ɗaya bayan ɗaya.