An zaɓe ni shugaban Zumuntar Maza, ga giɓi a asusu, ma'ajin kuma uban gidana ne

Ɗan Gadi Agege:

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Shawara nake nema. Wanda zai ce mini "ka yi addu'a" ya tsaya nan, don Allah ya yi haƙuri, na yi kuma ina kan yi. Inda zan sa ƙafata bayan na ce amin nake tambaya.

Shekarata goma sha ɗaya a Legas. Acaba na yi ta yi har watan Yuni na 2022 da gwamnati ta hana babura a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, na sayar da mashin ɗina da asara, na kama gadi. Yanzu ni ne babba a kan masu gadi takwas a wata unguwar masu hali a Ikeja. Majami'armu tana wajen Agege, mu ne masu sujadar ƙarfe bakwai ta sashen Hausa kafin masu Turanci su shigo. Mu 'yan Kudancin Kaduna mun fi yawa, sai 'yan Filato, sai 'yan Adamawa da Borno da yawancinsu gudun Boko Haram ya kawo su wajen 2014. Kowa da yarensa a gida, Hausa ce ta haɗa mu.

A Janairu aka zaɓe ni shugaban Zumuntar Maza. Ranar da aka yi mana addu'ar kama aiki na tashi na karanta Yahaya sura 13, inda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajirai, na ce bawa na zo in zama. An tafa. Da na san abin da ke jirana da na rage murya.

Muna da asusun taimako, kowa dubu biyu a wata. Na rashin lafiya ne da haihuwa, amma babban aikinsa kai gawa gida, don ba mai son a binne shi a nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin motar gawa ya zama abin tsoro, balle in Michika ta Adamawa za a je. Da na karɓi littafi na zauna da biro dare biyu. Littafi ya ce dubu 640. Abin da ke hannu dubu 410.

Ma'ajinmu shekara tara yana riƙe da jakar. Abokin mahaifina ne. Shi ya tarye ni a tasha ranar da na sauka da buhun kayana guda, a ɗakinsa na kwana shekara biyu, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. Bayan sujada na ja shi bayan majami'a wajen janareta na nuna masa lissafin. Bai yi musu ba. Ya cire hularsa ya yi ta murza ta a hannu, ya ce, "Ɗana, ka ba ni lokaci." Tsoho mai furfura yana cire mini hula! Na rasa bakin magana, na ce to Baba. Wata uku ke nan.

Ga kuma 'yan Adamawa sun fara gunaguni. Nasu da motar haya ta danfo ta karya wa ƙafa a Oshodi sai da ya yi sati uku kafin a ba shi dubu ashirin, namu da matarsa ta haihu ya sami talatin cikin kwana biyu. Sun fara cewa zumuntar ta 'yan Kaduna ce. Ba su san da giɓin ba tukuna.

Na wurin aiki ma bai bar ni ba. Ɗaya daga yarana ɗan kwayarmu ne, wato ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Sau biyu ina kama shi yana minshari a bakin ƙofa da ƙarfe uku na dare, na rufa masa asiri. A na uku wani abokin aikinmu Musulmi, ɗan Sakkwato, mutum mai kunya ƙwarai, ya ce da ni a hankali, "Oga, in da ni ne da tuni ka rubuta sunana." Har yau maganar tana cina.

To ina iyakar? Na ce zan zama bawa, ga shi na zama tabarma.

Maman Tagwaye, Mile 12:

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Tumatir nake sayarwa, kuma shekara goma sha huɗu na riƙe jakar Zumuntar Mata, don haka bari in faɗa maka wadda ba za ka so ba. Laifin na dukanku ne. Kun bar mutum shi kaɗai da kuɗi shekara tara, a garin nan da haya take cin mutum da rai, ba mai ƙirgawa tare da shi, sannan kuna mamaki? Ni da kaina na hana a bar ni ni kaɗai. Mu uku muke ƙirga baiko a kan benci ɗaya, a rubuta, kowa ta sa hannu, Litinin a kai banki. Wasu suka ce ai rashin yarda ne. Na ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ka buɗe Ezra sura 8. Kafin su tashi daga bakin kogin Ahawa, Ezra ya keɓe shugabannin firistoci goma sha biyu, ya auna musu azurfa da zinariyar Haikali. Da suka isa Urushalima aka sake aunawa, aka rubuta nauyin. Firistoci ne fa, ba ɓarayi ba, kuma mutumin da ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya don ya dogara ga Allah, shi ne bai ji kunyar fito da ma'auni ba. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai rungume jaka shi kaɗai ba, ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka, don kada a sami abin zargi. Yana 2 Korintiyawa sura 8.

Amma ka tambaye shi inda kuɗin suka tafi kuwa? A rubutunka ban ga ka tambaya ba. Bayan janareta ba wurin wannan magana ba ne. Ka je gidansa, ka bar littafin a aljihu, ka ci abin da aka ba ka, sannan ka tambaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon Soja, Obalende:

Mama ta yi magana, amma ta yi laushi da yawa. Samari, ka fara da mai barcin nan. Mutane sun kwanta da 'ya'yansu don sun san akwai ido a ƙofa. Ranar da ɓarayi suka shiga, waƙar kwaya za ka rera wa masu gida? Ka rubuta shi gobe. Ɗan Sakkwaton nan ya yi maka wa'azin da fastonka bai yi maka ba, domin 1 Timoti 3:7 ta ce shugaba sai yana da kyakkyawar shaida wurin waɗanda ke waje.

Eli firist bai saci naman hadaya da hannunsa ba. 'Ya'yansa Hofni da Finehas ne suke yi, shi kuma ya yi musu faɗa na fatar baki ya bar su a kan aiki. Ka san yadda gidan ya ƙare. Wata ukun da ka yi shiru, hanyar Eli ka kama.

Ni Nehemiya ne mutumina. Da ya ji manya suna karɓe gonakin talakawa a kan bashi, taro ya kira ya faɗa musu ido da ido. Kuma bakinsa ya yi nauyi ne don shekara goma sha biyu yana gwamna bai ci abincin da aka yanka wa gwamna ba, alhali mutum 150 ke ci a teburinsa. Ka karanta sura 5 ka kira taro. Wanke ƙafa daban, rufe ido daban.

Mai Bishara, Ijora:

Ɗan'uwa, ni gunagunin 'yan Adamawa ya fi tsaya mini, don shi zai iya raba zumuntar gida biyu. Kuɗi ana mayarwa.

Abin ya taɓa faruwa, kusan yadda ka faɗe shi. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci suka yi ƙorafi cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce wa masu ƙorafin sun cika ƙabilanci ba, ba su kuma rantse cewa su adalai ne ba. Suka ce jama'a ta zaɓi mutum bakwai. Ka duba sunayen: Istifanas, Filibus, har Nikolas mutumin Antakiya wanda asalinsa ba Bayahude ba ne. Duka bakwai ɗin sunayen Helenanci ne. Kamar dai an ɗauki tukunyar an miƙa wa ɓangaren da ya ce ana cutarsa. Ka gwada. Sabon ma'aji ya fito daga Adamawa ko Borno, mai sa hannu na biyu daga Filato, a rubuta ƙa'ida: haihuwa nawa, asibiti nawa, gawa nawa, cikin kwana nawa. Mutanenka za su ce ka sayar da su. Za su huce.

Kuma mu daina raina aikin jaka kamar ba na Ruhu ba ne. Sharaɗin bakwai ɗin nan shi ne su zama cike da Ruhu da hikima, don rabon tuwo fa. Samari uku da suka sauka a Legas ɗin nan a Disambar 1893 da niyyar kai bishara Arewa, Gowans da Kent suka shiga ciki suka rasu a 1894, Bingham da zazzaɓi ya kayar shi aka bari nan yana kula da kaya da saƙo. Ta hannun mai tsaron kayan nan ne aikin ƙungiyarsu ta mishan, SIM, ya ci gaba, har aka sami ikilisiyar ECWA a 1954.

Abu na ƙarshe, kai kaɗai kake lissafi da dare, kai kaɗai kake zuwa bayan janareta. Ina mataimakinka, ina dattawa? Abin da Yetro ya hana Musa ke nan a Fitowa 18.

Matar Wani Shugaba:

Ni tambaya ɗaya gare ni. Gadi da dare, lissafi da rana, taro ranar Lahadi har la'asar. Yaushe rabonka da cin abinci da yaranka? A 1 Timoti 3 ɗin da ake ta ambata, gida aka fara tambaya kafin ikilisiya. Ka gaya wa matarka zancen giɓin nan ma kuwa, ko mu ka fara gaya wa?

Ɗan Gadi Agege:

Na gode muku duka. Yaya, kin kama ni, ku na fara gaya wa. Na gaya mata daren Alhamis, ta ce ai ta daɗe da sanin akwai abin da ke cina, tun da na fara barin tuwo a kwano.

Baba Soja, na rubuta yaron. Na gaya masa da bakina kafin takarda ta tafi, na kuma roƙa a mayar da shi aikin rana, don ashe da safe dako yake yi a kasuwa. An yanke masa albashin kwana uku. Jiya a majami'a ya wuce ni kamar bai gan ni ba.

Asabar na je gidan Baba kamar yadda Mama ta ce. Ɗakin nan dai da na kwana a ciki, har ƙusar da nake rataye rigata tana nan. Matarsa ta kawo kunu ta fita tsakar gida. Ban kai ga tambaya ba ya jawo wani gwangwanin Bournvita daga ƙarƙashin gado, cike da guntayen takardu. Dubu 150 ya tura gida bara da aka sace ɗan ƙanensa a hanyar gona, dangi suna harhaɗa kuɗin fansa, da niyyar zai mayar kafin a sani. Sauran dubu 80 kuwa 'yan zumunta ne da suka zo masa da dare, masu jin kunyar roƙo a gaban taro. Wannan haya, wancan kuɗin makaranta. Ya yi ta miƙo mini takardun ɗaya-ɗaya ina karantawa.

Ta biyar sunana ne. Yuli 2022, dubu 30. Lokacin da na sayar da mashin, mai gida ya ba ni sati guda in fita da mace da jariri. Baba ya kira ni ya damƙa mini kuɗi a ambulan ya ce kada in damu da mayarwa. Na ɗauka daga aljihunsa ne. Ban tambaya ba, kuma in na faɗi gaskiya, ban so in tambaya ba, don na san abin da tsohon yake samu.

Na koma gida na buɗe Nehemiya 5 da aka ce in karanta. Baba Soja, akwai aya ta 10 da ba ka ambata ba. A tsakiyar faɗan da yake wa manya, Nehemiya ya ce shi ma da 'yan'uwansa da barorinsa suna ba da rancen kuɗi da hatsi, sai ya ce mu daina. Da kansa a ciki.

Ga inda muke. Na kai dubu goma wurin mataimakina jiya, saura ashirin zan cika ƙarshen wata da na gaba. Na sanar da Baba Fasto da dattawa biyu. Baba Ma'aji ya yarda zai sauka, zai riƙa biyan dubu goma a wata. Na tuntuɓi wani ɗan Michika mai shagon kayan masarufi kan ma'aji, ya ce sai ya yi shawara da mutanensa. Taron zumunta Lahadi mai zuwa ne, kuma na yanke cewa sunana zan fara karantawa.

Abin da ban yanke ba shi ne sauran sunayen. Dattijo ɗaya ya ce a karanta duka, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ɗayan ya ce a faɗi jimla kawai, a bi kowa a gida, tun da kunya ce ta kai su wurin Baba da dare, kuma wasunsu kamar ni ba su san kuɗin zumunta ba ne. Matata tana bayan na biyun. Mama, ku a Zumuntar Mata da kun karanta ko da kun bari? Ina da zuwa Asabar.