Sifika mara waya don aiki a fili: wacce ta yi muku aiki?

Mai gonar albasa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son sayen ƙaramar sifika mai Bluetooth da zan riƙa tafiya da ita fadama. Mukan kai mu takwas a wurin aiki, tun hantsi har la'asar, sautin waya ba ya isar kowa, ga kuma ƙarar injin ban ruwa. Don Allah wanda ya taɓa amfani da irinta a fili ya faɗa mana abin da ya gani, kafin in fitar da kuɗina.

Mai shayi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yarda a gwada maka a cikin shago kaɗai. Tawa ta farko a shago aka kunna min, har gilashin kanta yana rawa, na biya ina murna. Da na ɗora ta a teburina da daddare, wanda ke ƙarshen benci sai ya miƙo wuya kafin ya ji labarai. Ashe bangon shagon ne ke dawo da sautin. Ta biyun sai da na sa yaron shago ya fito da ita bakin titi, na ja baya taku goma sha biyar, na ce ya sa muryar mai magana, ba kiɗa ba. Da na ji kowace kalma sarai, sannan na biya.

Mai gyaran waya:
Malam mai shayi ya faɗi gaskiya. Ni kusan kowane mako sai an kawo min irinsu, kuma abin da ya fi kashe su a nan ƙura ce. Na buɗe wata bayan hunturun bara, na tarar ƙasa ta toshe ramin caji, maganaɗisun ciki kuma ya tattara garin ƙarfe har sautin ya koma kamar ana yaga takarda. Mai ita bakanike ne, a garejin yake rataye ta.

Ka duba jikin kwalin, za ka ga IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. In ka ga IPX7, harafin X ɗin yana nufin ba a ba ta lambar ƙura ba, ruwa kawai aka tabbatar. Misali JBL Flip 5 IPX7 ce, Flip 6 kuma IP67. Kai da za ka yini tsakanin ƙura da ruwan fadama, mai lambobi biyun za ka nema. In tana da murfin roba a bakin caji, ka riƙa rufe shi da kyau, don da shi a buɗe duk wannan lambar ba ta da amfani.

Sai maganar wat (W), wato ma'aunin ƙarfin sifika. Abu kamar gwangwanin madara a rubuta masa 1000W, wannan lissafin PMPO ne, wato ƙololuwar ƙarfi na ƙiftawar ido, na talla. Wanda ake dogara da shi RMS ne, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, kuma wat 20 zuwa 30 na gaske ya ishi mutum takwas in ba a kusa da injin aka ajiye ta ba. Jabu ma sun cika kasuwa. Ka ɗaga ta a hannu, ta jabu ba nauyi, kamar fanko.

Direban tirela:
Ni zafi ne ya ci tawa. A watan Afrilu na bar ta a gaban mota a Sakkwato, gilashi a rufe, na je sallah da cin abinci. Ko mako biyu ba a yi ba batir ya kumbura har ya ɗaga bayanta. Ka nema mata inuwa, ko ƙarƙashin bishiya ka rataye ta, kuma kada ka sa ta caji tana da zafi.

Uwar 'yan biyu:
Yayana, awannin da suke rubutawa ma ka rage su a lissafinka. Tawa an ce awa 12. A tsakar gida ina wanki da madaidaicin sauti takan kai ni yamma. Ranar sunan ƙanwata da muka ƙure ta, azahar muka kunna, kafin magariba ta ɗauke, mata suna tsakiyar rawa. Wallahi na ji kunya ranar. Yanzu ba na fita da ita sai da fawa bank a jaka.

Manomi daga Maraɗi:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Masu tsadar nan da yawa ba su da rediyo, ba su da wurin sa memori. Komai sai ta waya, kuma Bluetooth bai cika wuce mita 10 ba. Ka tafi ƙarshen kunya da wayar a aljihu, karatun ya yanke. A kira ka, ya tsaya. Kafin la'asar cajin wayar ma ya ƙare. Ni mai sauƙin kuɗi nake riƙe da ita, mai FM da memori, na cika ta da tafsiri, in lokacin labarai ya yi in murɗa. Ƙura takan dame ta, shi ya sa matata ta ɗinka mata riga da ƙyallen atamfa. Ɗan faifan sola da ke bayanta kuwa kada ka sa rai da shi, yini guda a rana bai cika ta ba. Faifan sola daban na saya.

Mai gonar albasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar memori ta shige ni, don sabis ma ba ya zama a fadamarmu. Malam mai gyara, ana samun mai IP67 da ke karɓar memori kuwa?

Mai gyaran waya:
Ana samu, sai dai ka bincika. Ka tafi kasuwa da memorinka a aljihu, a sa a gabanka ka ji, kuma ka tabbata ramin memorin yana ƙarƙashin murfin robar.